Rediyo mai sola da na saya wa Baba a kasuwar Sakkwato: yana aiki, amma maɓallin gargaɗi shiru

Masu tambayata a kan rediyon ga mai sola da na saya wa Baba, ga bayani nan gaba ɗaya kowa ya karanta. A taƙaice dai rediyon ya yi, kuɗina ba su tahi banza ba, kuma in kana da tsoho a ƙauye ko kai kanka kana noman fadama to ina ba ka shawara ka nemi irinshi tun kahin ruwan Agusta ya kankama. Sai dai akwai maɓalli guda a jikinshi wanda ba ya aiki a ƙasar ga ko kaɗan, kuma wanga maɓallin shi ya fi tsaya min a rai, don haka ku yi haƙuri rubutun zai ɗan ja.

Shagon yana cikin babbar kasuwa, layin masu kayan wuta, irin shagunan nan da za ka ga tocila da fanka mai caji da ƙwan sola da soket duk an rataye har bakin ƙofa sai ka duƙa za ka shiga. Mai shagon dattijo ne, Alhaji, da yaronshi guda mai gyara a gefe kan benci da ƙarfen narka dalma. Abin da ya fara burge ni da shi bai miƙo min kwali a rufe ba, shi da kanshi ya buɗe, ya ja eriya, ya kamo Rima Radio munka ji, ya kamo Garkuwa FM, ya kunna tocilar ya haska min a tafin hannu, ya juya hannun caji ya nuna min jar fitilar da ke kamawa. Ya fara da dubu 25, munka ja munka ja har munka tsaya a dubu 19, kuma ya ce in ya ba da matsala cikin mako guda in maido a canza min matuƙar bai faɗi ƙasa ba ko ruwa ya shige shi. Rasit ɗin ma da biro ya rubuta a bayan katin shago amma ya sa hannu, ni ko hakan ya ishe ni.

Shi rediyon ɗan Chaina ne, babu wani sunan kamfani na kirki a jiki, launin ja da baƙi, ana iya riƙe shi da hannu guda. Yana da FM, da matsakaicin zango, da gajeren zango, a bisa akwai ɗan faranti na sola, a baya akwai hannun da ake juyawa, a gaba tocila, sannan akwai ramin USB na cajin waya da wani maɓalli na jiniya mai ƙara sosai. Batirin irin dogon nan ne 18650 da ake sa wa manyan tocila, kuma ana iya cire shi a sa wani, wanga kam babban abu ne don mafi yawan kayan caji da ake kawo muna batirin a manne yake ciki, ranar da ya mutu shi ke nan kayan ya zama na yara.

Sai na ga a jikin abin zaɓen zango, bayan FM da AM (matsakaicin zango) da SW (gajeren zango), akwai wani an rubuta WB, kuma a kwalin an zana guguwa da ambaliya da wata ƙatuwar igiyar teku tana rufto wa gidaje. Na murɗa can, sai shuuu kawai. Na ce Alhaji wanga fa? Sai ya ce "Malam wanga na Amurka na, nan ba shi magana. Ni ban saida maka abu in ɓoye maka aibunai, sauran duka suna yi, wanga ɗai ka manta da shi." Wallahi wagga maganar ita ta sa na saya ban ƙara duba wani shago ba, don da wani ne cewa zai yi sai ka kai gida ka ja eriya da kyau zai kama.

Kahin in zo kan maɓallin bari in faɗi dalilin da ya sa na nemi rediyo tun farko, don wasu sun ce min ai waya ta wadatar, a zamanin ga wa ke sayen rediyo. Duk wanda ke Sakkwato a 2021 ya san lokacin da anka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda matsalar tsaro, Zamfara ma gaba ɗaya anka rufe. Mutum yana riƙe da waya mai tsada amma ko filashin bai iya yi, sai ya hau mashin ya yi tafiya mai nisa ya nemi inda sabis ke ɗan leƙowa. A lokacin duk wani saƙo da za a ce an tura ta tes ko ta WhatsApp bai kai ga mutanen ga. Ga kuma wuta da kowa ya san halinta, a ƙauyen su Baba sai an kai waya wurin mai janareta an biya kuɗin caji. Kuma Baba bai karanta boko, ajami yake karantawa, in tes ya shigo da Turanci sai ya jira jikanshi ya dawo makaranta. Rediyo ko da Hausa zai yi mashi magana yana zaune bisa buzunshi.

Mu kuma mutanen bakin gulbi ne. Wanda ya ga ruwan 2010 bai mantawa. A watan Satumba na shekarar ruwa ya yi wa madatsar Goronyo yawa, gulbin Rima ya cika ya batse, ya bi ta Goronyo, Wurno, Kware, Wamakko har Silame, ya cinye hanyar Kwalkwalawa da ke zuwa jami'ar Ɗanfodiyo, ɗalibai da malamai sai da kwalekwale ko su yi dogon zagaye. Shinkafar gidanmu ta fara nuna ke nan, saura kaɗan a sa lauje. Da dare ruwan ya shigo, da asuba sai kan zangarniya kawai ake hange, buhunan taki da injin ban ruwa da anka bari a bukkar gona duk sunka tahi. Shinkafa dai ba a iya ɗauke ta, amma inji da taki da awaki ana iya ɗauke su in an samu labari ko da yini guda kahin nan. Tun daga lokacin Baba in sama ta yi baƙi gabas ba ya barci sosai, kuma shi ne dalilin sayen rediyon.

To yanzu ga maɓallin. WB ɗin nan zangon yanayi ne na NOAA, hukumar kula da yanayi da teku ta Amurka. Suna da tashoshi sama da 1,000 a faɗin ƙasarsu da ba su da wani aiki dare da rana sai faɗin yanayi da gargaɗi, a kan mita bakwai tsakanin 162.400 da 162.550, kuma rediyon da aka yi domin haka ko yana shiru in anka saki gargaɗin guguwa ko ambaliya ko tsunami da kanshi zai ɗau ƙara ya tashe ka. Japan ma suna da irin nasu, inda talabijin da rediyo da lasifikokin unguwa ke kamawa cikin daƙiƙoƙi. Wato masu ƙera rediyon don kasuwar can sunka yi shi, ragowar ta iso Sakkwato da maɓallin a jiki. Na'urar lafiyarta ƙalau, mai magana ne babu a ɗaya ɓangaren.

Zanen igiyar teku da ke kan kwalin ya sa na tuna tsunamin 2004, wanda duk mai hankali a lokacin ya ji labarinshi a BBC Hausa, an yi ta addu'a a masallatai saboda mutanen Aceh ta Indonesiya 'yan uwanmu Musulmi. Ranar 26 ga Disamba 2004 girgizar ƙasa mai maki 9.1 ta auku a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Sumatra na Indonesiya, mutum wajen 230,000 sunka rasu a ƙasashe 14. Mutanen Aceh su kam mintuna kaɗan sunka samu, ruwan na kusa da su. Amma Siri Lanka da Indiya sai bayan kamar awa biyu ruwan ya isa, kuma duk da haka Siri Lanka ta rasa sama da mutum 30,000, Indiya sama da 10,000. Somaliya nan nahiyarmu sai bayan kamar awa bakwai, amma ya iske masunta a bakin teku ba wanda ya gaya masu komai, kusan mutum 300 sunka mutu, garin Hafun ya lalace. Awa bakwai fa jama'a. Kenya da ke maƙwabtaka da su labari ya kai masu, anka kori mutane daga bakin ruwa, mutum guda anka rasa.

Abin da ke ci min rai shi ne an ga girgizar. Cibiyar gargaɗin tsunami ta tekun Pasifik da ke Hawayi, wadda Amurka ta kafa tun 1949, ta gan ta a na'urorinta cikin kamar minti 15. Tun 1965, bayan babbar girgizar Chile ta 1960 da ruwanta ya ƙetare teku ya kashe mutane har Hawayi da Japan, ƙasashen Pasifik sunka haɗu ƙarƙashin hukumar kula da tekuna ta UNESCO sunka yi tsarin gargaɗi na bai ɗaya. Amma tekun Indiya babu irin wanga tsarin, babu na'urorin auna motsin ruwa a tsakiyar teku, Indiya da Siri Lanka ba su cikin na Pasifik, kuma ma'aikatan Hawayi ba su da wata tsayayyar lamba ta hukuma da za su buga a waɗannan ƙasashen wanda ya ɗauka ya ba da umarni a kwashe mutane. Ilimi akwai, na'ura akwai, yarjejeniya ce babu.

Za ka zaci bayan irin wagga musiba kowa zai aje girman kai. A ƙarshen Janairu 2005, wata guda kacal bayan abin, ministoci sunka taru a Phuket ta Tailan don a kafa cibiya ta tekun Indiya, sai gardama ta tashi a kan ƙasar da za a aje cibiyar, Tailan na son a aje a wurinta, Indiya da Indonesiya kowa na ganin ita ta cancanta, kamar 'yan unguwar da ƙishirwa ke kashewa amma an tsaya jayayya a ƙofar gidan wa za a gina rijiya. Ƙarshe dai ba a yi cibiya guda ba, anka ce kowace ƙasa ta yi tata a haɗa su da juna ƙarƙashin UNESCO. Tsarin ya fara aiki a 2006, kuma kahin su tsaya da ƙafarsu Hawayi da Japan ne ke riƙe masu aikin, sai a 2011 Ostireliya da Indiya da Indonesiya sunka karɓi nauyin ba da sanarwa ga yankin baki ɗaya. Indiya ta gina tata cibiyar a Hyderabad a 2007. Alhamdulillahi an samu, ba a raina ba, amma shekarun da anka ɗauka da wani ruwan ya sake tasowa fa?

Kuma gardamar ba ta tsaya ga wurin aje ofis ba. Gargaɗin tsunami bai yiwuwa sai ƙasa ta yarda tana sakin bayanan na'urorinta nan take, na girgizar ƙasa da na hawa da saukar ruwa a gaɓarta, har da taswirar zurfin teku. To su kuma sojoji wanga a wurinsu sirri ne, don zurfin teku shi jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa ke amfani da shi, kuma na'urar da ke jin girgizar ƙasa ita ce dai ke jin gwajin makamin nukiliya. Akwai hukumar hana gwajin nukiliya da ke Biyana ta Ostiriya mai tashoshin saurare wajen 300 a duniya, tashoshinta sun ji girgizar 2004 sarai, amma ba aikin da anka kafa ta domin shi ba ne, sai bayan musibar anka amince ta riƙa miƙa bayanai ga cibiyoyin tsunami. Indiya da Pakistan da sunka yi gwajin bam a 1998 har yau ba su sa hannu a yarjejeniyar hana gwajin nukiliya ba, alhali su biyun suna kallon teku guda, kuma a 1945 girgizar gaɓar Makran, a Pakistan ta yanzu, ta taɓa tayar da tsunami ya ci mutane a wanga yankin.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Taiwan. Tsibiri ne mai mutum wajen miliyan 23, zaune daidai inda ƙasa ke yawan girgiza, a ranar 3 ga Afrilu 2024 ma an yi babba kusa da Hualien har Japan da Filifin sunka ba da gargaɗin tsunami. Amma tun 1971 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba gwamnatin Beijin kujerar Sin, Taiwan ba ta cikin Majalisar, ba ta cikin UNESCO, ke nan ba ta da kujera a teburin da ƙasashe ke zama su tsara gargaɗin tsunami. Suna da tasu hukumar yanayi mai ƙarfi da na'urori masu kyau, suna kuma ganin sanarwar da ake fitarwa ga kowa, amma zama a matsayin memba a yi shawara da su babu. Cibiyar da ke kula da tekun kudancin Sin kuwa a Beijin take, ta fara cikakken aiki a 2019, a tekun da Sin da Biyetnam da Filifin da Maleshiya ke ta rigimar iyaka a kai. Ni ban shiga maganar wa ke da gaskiya tsakanin Sin da Taiwan, wanga ya fi ƙarfina, abin da na sani mai kamun kifi a bakin ruwa ba shi ya yi ƙuri'ar 1971 ba kuma shi ruwan zai fara iskewa.

Wani zai ce to Malam mu da ke Sakkwato ina mu ina teku, daga nan zuwa Legas ma kwana ake a mota. Gaskiya ne tsunami ba zai zo Dundaye da ke nan gefen Sakkwato ba. Amma ruwanmu ma yana ƙetare iyaka. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya, ya shiga Nijar ya ratsa Maraɗi, sannan ya komo Najeriya ya haɗu da Rima, wato wani kaso na ruwan da ke taruwa a Goronyo sai da ya kwana a wata ƙasa. In an yi ruwa mai yawa a can, mutanen Maraɗi sun riga mu gani. Haka kogin Kwara, kahin ya iso Kebbi sai ya wuce Yamai, kuma ma'aunin ruwa na Yamai shi NIHSA, hukumar da ke hasashen ambaliya a Najeriya, ke dubawa ta gargaɗi jihohin da ke ƙasa, kamar 2020 da ruwa ya kai inda bai taɓa kaiwa ba a Yamai sannan ya zo ya shafe gonakin shinkafa a Kebbi. Akwai hukumar kula da kogin Kwara mai ƙasashe tara, hedikwatarta a Yamai, cibiyar AGRHYMET da ke hasashen damina ga yankin Sahel ita ma a Yamai take, kuma tun 1990 Najeriya da Nijar sunka sa hannu a Maiduguri kan yadda za su yi amfani da ruwan da sunka haɗa.

To sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Munka ga yadda anka rufe iyakar Illela da Ƙonni, anka yanke wutar da ake ba Nijar, motocin albasa da na kaya sunka yi layi har kaya na ruɓewa, 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya sai ta hanyar daji suke zumunci. Daga baya an buɗe iyaka, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS, ficewar ta tabbata 29 ga Janairu 2025. Ni roƙona ga shugabannin Najeriya da Nijar, duk abin da za a yi fushi a kai a yi, amma layin da ma'aikacin ruwa na Yamai ko Maraɗi zai buga wa ɗan uwanshi na nan ya ce ruwa ya taso, kada a taɓa shi. A cire shi daga cikin siyasa kwata-kwata. Mutanen Adamawa da Binuwai da Kogi sun san zafin wanga abu da madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda anka gama a 1982, ita kuma ta Dasin Hausa da ya kamata ta tare ruwan a ɓangarenmu har yau ba a gama ta ba, a ambaliyar 2012 mutum 363 sunka rasu a faɗin Najeriya, a ta 2022 sama da 600, kuma duk shekara sai an yi ta cacar baki a kan an sanar ko ba a sanar ba.

A nan ne rediyon ya ƙara min daraja, don gajeren zango bai san iyaka ba. Da dare a tsakar gida, eriya a miƙe, yana kamo BBC Hausa da RFI tas, da ɗan shuu kaɗan amma ana jin komai, da rana kuma sai ka ɗan yi haƙuri kana murɗawa a hankali don tashoshin sun matse wuri guda. Gwamnatin Nijar ta dakatar da RFI a Agusta 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024, amma wanga a FM ne, mai gajeren zango yana ci gaba da ji. Wani ɗan uwanmu da ke Illela ya sayi irinshi ya ce tashoshin Ƙonni yana jin su kamar a ɗakinshi, in sunka ce an yi ruwa mai ƙarfi wajen Maraɗi ko Madawa sai ya kira Baba ya gaya mashi. Ka ga talakawa sun haɗa nasu tsarin gargaɗin da kansu.

Kuma ko a ƙasashen da ke da tsarin, waya na iya cin amana. A Palu ta Indonesiya ranar 28 ga Satumba 2018 girgiza ta kayar da turakun wuta da na sadarwa, saƙonnin gargaɗi ba su kai ga mutane da yawa ba, sannan na'urori 22 da ke shawagi a teku don jin tsunami sun daina aiki tun 2012 saboda rashin kuɗin gyara da ɓarnar mutane. Sama da mutum 4,000 sunka rasu. Wanga ya nuna ko an sa hannu a takarda sai an ci gaba da zuba kuɗi ana gyara, abin da mu ma nan shi ne ciwonmu.

Yanzu aibobin rediyon, don kada wani ya saya ya ce ban faɗa ba. Farantin solar ƙarami ne ƙwarai, ba zai cika batir daga ƙasa ba ko ka bar shi yini, aikinshi ya riƙe abin da ke ciki kada ya zube. Kuma kada ka kuskura ka aje shi a tsakiyar ranar Sakkwato ta watan Afrilu da zafi ke wuce 40, robar za ta yi laushi batirin ya kumbura, yaron Alhaji ya nuna min guda biyu da anka maido haka, murfin bayansu ya bankare. Ya ce a aje shi da hantsi ko bayan la'asar, ko a bakin taga. Hannun juyawa yana aiki amma sai ka juya har kafaɗa ta gaya maka sannan ka samu na jin labarai guda, na ranar da komai ya ƙare ne, kuma a juya a hankali don haƙoran ciki roba ne. Cajin waya kuwa kada ka sa rai, zai iya ɗan tayar da ƙaramar waya mai maɓalli ka yi kira, amma babbar waya za ta tsotse shi ta bar ka ba rediyo ba waya. Hanya mafi kyau a cika shi da wuta ko a wurin mai caji, in ya cika yana kai Baba kwanaki yana jin labaran safe da na dare.

Lambobin da ke kan gilashin FM ba su zauna daidai ba, tasha na gaba kaɗan da inda allura ke nunawa, Baba dai ya ɗiga alama da jan farce na Inna a kan wuraren da yake so ya huta. Gindin eriya ba shi da ƙarfi, yara su ja sau biyu ya karye, gara a rataye shi sama. Da hunturu kuma ƙura na shiga abin ƙara murya ya riƙa ƙarƙar, sai a sa shi cikin safa ko ɗan buhu in ba a amfani da shi. Tocilar kam ba laifi, tana haska tsakar gida har garke, jiniyar kuma da munka gwada sai da maƙwabta sunka leƙo, wanda hakan ake so in ruwa ya shigo da dare kana son tayar da unguwa.

Sauti yana fita garau, dattijo mai ɗan nauyin kunne zai ji. Hasashen damina da hukumar yanayi ta NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara da na ambaliya da NIHSA ke fitarwa duk ta gidajen rediyonmu na nan Baba ke jin su da Hausa, kuma ina yaba wa ma'aikatan da ke fassarawa suna kiran sunayen ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage shi ne hasashen shekara daban, gargaɗin daren yau daban. Manomi yana son a ce mashi ruwa ya wuce wuri kaza da la'asar, zai iso ku kahin asuba, ku ɗauke inji da dabbobi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar da shiri a 2022 cewa zuwa ƙarshen 2027 kowane ɗan Adam a duniya ya zamo gargaɗi na iya kai gare shi, to in da gaske ake mu a nan ba sai an kawo muna wata na'ura mai tsada ba, gidajen rediyo muna da su, a yi yarjejeniya da su duk sa'ar da ma'aunin gulbi ya kai wani matsayi a katse shiri ko na waƙa ne ko na siyasa a faɗa da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci, a maimaita, kuma labarin da ya fito daga Nijar a karɓe shi hannu biyu.

Wanda zai saya ya sa a gwada mashi komai a gabanshi, FM da gajeren zango da tocila da hannun juyawa, ya buɗe baya ya tabbata batirin mai cirewa ne, ya ƙara ɗan kuɗi ya sayi batir na biyu ya aje a inuwa. In mai shago ya ce maka WB zai kama in ka kai gida, ka aje mashi kayanshi ka shiga shago na gaba.